Rasuwar Kofin da Kowa Ya Ɗaga Ban da Mai Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da har yanzu bai sake ni ba, ni Malam Yamusa, tsohon direban ma'aikata, mazaunin Lugbe ta bayan kasuwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan ƙwallo da 'yan diraf da 'yan ludo, da sauran masu aron kayan mutane ba godiya, rasuwar kofinmu. Na ce kofinmu ne saboda a gidan makoki ba a rowar gawa. Amma kofina ne, ni na saye shi, kuma da alama ni kaɗai rashinsa ya hana cin abinci.

Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadin da ta wuce, da la'asar, a filin da ke gefen kasuwa, a hannun wasu samari da suka saba ganin kofi a fuskar waya amma ba su taɓa riƙe na gaske ba. Ya rasu ana cikin shirin wasan ƙarshe na gasar diraf ta bana, wanda za a buga ranar Asabar mai zuwa tsakanina da Enoch. Wanda ya san ni ya san abin da wannan wasa yake nufi. Wanda bai sani ba, ga shi a taƙaice: tunda na sayi kofin nan ban taɓa cin sa ba, Enoch ne yake tare mini hanya kowace shekara, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a cikinmu. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, tana neman ɗayan, 'ya'yansa sun riga sun ɗaure masa kaya za su mayar da shi garinsu, Sheda.

Ba a san iyayen marigayin ba. Na same shi ne a Nyanya lokacin da nake zaune a can, a shimfiɗar wani mai gwanjo kusa da tasha, yana tsakanin tsohon dutsen guga da butar shayi marar murfi. Yana da kunnuwa biyu da dogon wuya, ga ciki da zai ɗauki kunun mutum huɗu. A kan murfinsa akwai wani ɗan mutum na ƙarfe da ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ko wane wasa aka ƙera ɗan mutumin nan yana yi, Allah ne masani, domin abin da ke gaban ƙafarsa ya karye tun kafin ya shigo ƙasar nan. Wannan nakasa ita ce ta zame masa arziki. 'Yan ƙwallo suka ce bugu yake yi, 'yan tsere suka ce gudu ne, masu langa suka rantse nasu ne. Shi dai bai taɓa ƙaryata kowa ba.

Ba don jama'a na saye shi ba, kada wani ya tashi a wurin zaman makoki ya yi mini ƙaryar kishin al'umma. A zamanin nan babu mai zama gabana a allon diraf a duk inuwar da ke tashar Nyanya ya tashi da dariya. Sai na ga ya kamata a yi abin a hukumance. Na shirya gasa, na ajiye kofi a kan benci, na gayyaci duk mai jin kansa, na kuma gaya wa matata Hasana ta share saman kabad. Ana cikin wasa sai ga wani manomi ya gama sayar da doya yana jiran mota ta cika, ya tsaya a kanmu da buhu a kafaɗa. Ya ce sunansa Enoch, wai shi ma yana ɗan taɓawa. Na ce a ba shi wuri, baƙo ai rahama ne. Kafin motarsa ta cika dara ta ci gida.

Ya ɗaga kofin sama, aka yi masa tafi, sannan ya miƙo mini shi da hannu biyu. Ya ce, "Malam, ka riƙe mini ita a gidanka. Ɗakina yana yoyo, kuma in na kai ta gida matana zai zuba manja a ciki."

Daga wannan magana aka samo al'adar da marigayin ya rayu a kanta har ya koma ga Mahaliccin ƙarfe da dalma: wanda ya ci ya ɗaga, a yi masa hoto, ya dawo wa Malam Yamusa da abinsa. Na komo Lugbe da shi. Bayan 'yan shekaru Enoch ma ya sami aikin kula da furanni a wani rukunin gidaje a hanyar filin jirgi, ya zama maƙwabcina, kamar wanda aka aiko musamman. Kowace shekara in share duk wani mai ƙafa biyu a unguwar nan in kai wasan ƙarshe, kowace shekara in tarar da shi zaune yana ɓare gyaɗa yana jirana. Ni kuwa na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan taɓa ɗaga kofin nan sama da kafaɗata ba sai ranar da na ci shi. A hammata nake ɗaukarsa, naɗe cikin tsohon zanen Hasana. An sha ce mini, "Baba, ɗaga mana mu yi maka hoto, ai naka ne." Ban taɓa yarda ba. Ni ba irin mutanen garin nan ba ne da suke tsayawa jikin motar wani a ɗauke su hoto.

Marigayin mai haƙuri ne, mai zumunci, wanda bai san ƙabila ko addini ba. Bai taɓa ƙin zuwa inda aka gayyace shi ba, ko da masu gayyar ba su cancanta ba, kuma yawancinsu ba su cancanta ba. Ya halarci gasar ƙwallon unguwa, inda ƙungiyoyi masu sunayen manyan biranen Turai suke karawa da takalman aro, alƙalin wasa kuma yana busa usur yana neman hanyar gudu. Ya halarci gasar ludo, inda na ga magidanta da furfura a gemu suna hura wa ɗan ƙashi iska a tafin hannu suna roƙon Allah Ya ba su shida, alhali ba su taɓa roƙonSa aikin yi da irin wannan ƙanƙan da kai ba. Ya halarci gasar sinuka. Waɗannan kam ban san lokacin da suke komawa gida ba, tun safe suna kwance rabin jiki a kan tebur suna auna ƙwallo da sanda kamar masu safiyon fili.

Ya je makarantar Madam Christiana, inda aka ba shi ga ajin da ya fi iya gudu a cikin buhu da ɗaukar ƙwai a cokali, iyaye suna ihu kamar an ce 'ya'yansu sun zama likitoci. Ya je wurin mahauta ranar damben bayan Sallah. Ya je taron wata ƙungiyar raya al'adu da ta shirya langa, inda aka gano cewa a cikin shugabannin ƙungiyar babu mai iya kama ƙafarsa ta baya saboda tumbi. Har wani mai neman kujerar kansila ya taɓa aronsa, ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya sayo wa matasa kofi daga aljihunsa, ya miƙa shi ga ƙungiyoyi uku a unguwanni uku cikin mako guda. Duk inda ya gama jawabi, ni nake zagayawa bayan rumfa in karɓo kayana in naɗe. Mutumin bai ci zaɓe ba, kuma ban yi masa jaje ba.

An sha zoɓo a cikinsa, an sha kunun aya, an sha fura. 'Yan sinuka sun taɓa dawo mini da shi yana wani irin wari, suka rantse da iyayensu lemo ne. Na wanke shi da toka da lemon tsami, na shanya shi a rana, ban gaya wa liman ba. A duk wannan hidima babu wanda ya taɓa sayo masa ko ƙyallen gogewa. Sai dai a turo yaro ko a bugo waya: "Malam, kofin nan yana nan? Muna da fainal ranar Lahadi." Kamar ni gwamnati ta ɗauka aikin ajiyar kofi.

Shi ba mai yawan magana ba ne, amma duk wanda ya zauna da shi ya san muryarsa. In ka ɗan ƙwanƙwasa cikinsa da farce sai ya ce "ƙwaaal," ya ja ta a hankali har ta ɓace. In muna kan acaɓa muka faɗa rami, wani ɗan noti da ya kwance a gindinsa sai ya riƙa cewa "garan, garan," har mu isa. In aka rufe murfinsa daidai sai ya ce "ƙwas," daga nan ba ya ƙarawa. Da safe kafin in fita nakan ƙwanƙwasa shi sau ɗaya in ji lafiyarsa. Hasana tana cewa ko ita ban taɓa tambayarta kwana da irin wannan kulawa ba, kuma ban musa mata ba.

Lafiyarsa ta fara taɓuwa ne tun ranar damben mahauta, da wanda ya ci ya ɗaga shi da hannun da bai kwance zare ba, kunnen hagu ya ɓalle. Na kai shi wurin likitansa, Ɗanladi mai walda, wanda ya liƙa kunnen da dalma, ya liƙa shi a karkace, ya ce wai haka ya fi kyau. Bayan nan kunnen dama ya bi sahu, sai wuya, sai gindi. A 'yan shekarun nan dalma ce kawai take riƙe da marigayin, kamar tsohon da magani yake riƙe da shi. Duk mai aro ina gaya masa abu biyu: a riƙe shi ta ciki ba ta kunne ba, kuma kada a bar shi a rana balle kusa da wuta. Mahauta sun ji, 'yan ludo ma da ba sa jin kiran salla sun ji.

Ajali ya shigo gidana ne a siffar Nazeer, ɗan ƙanwata, saurayi mai gemu a gyare da waya biyu, wanda har yau babu wanda ya san aikinsa a dangi. Ya zo ya ce wani kamfani mai ƙera wasannin waya ya fito da sabon wasan ƙwallo, za su yi gasa a Lugbe don tallata shi, kuma shi ne wakilinsu na duk Arewa. Na tambaye shi kamfanin da ya iya ƙera filin wasa da 'yan kallo dubu a cikin waya, ya kasa sayen kofi?

Ya ce, "Kawu, ba wai ba su da shi ba ne. Suna son abu original, mai history, ka gane? Content ne kawai. Two hours mun gama."

Na ce ranar Asabar nake da wasan ƙarshe da Enoch, kofin ba ya fita a makon nan.

Ya ce, "Haba Kawu, diraf fa? Wallahi ko ƙura ba zai taɓa shi ba. Ni ne guarantor."

Na ƙi. Ya fita ya bugo wa uwarsa, uwarsa ta bugo mini tana kuka wai ina baƙin ciki da ci gaban ɗanta. Wanda bai da ƙanwa ba zai gane ba. Na naɗe marigayin cikin zanensa, na sa shi a hammata, na raka shi da ƙafata zuwa inda za a kashe shi.

Jama'a, na ga wasanni a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na ranar nan ba. An kafa rumfuna, an ɗaura lasifika, an ajiye wata motar a-kori-kura an yi mata ado ta zama dandamali. A ƙarƙashin rumfa samari ne zaune a kujerun roba, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa, babu abin da ke motsi a jikinsu sai manyan yatsu. Wai ƙwallo suke bugawa. Babu wanda ya yi gumi sai mai riƙe da makirufo, wanda yake ta ihun an ci, an ci, ni kuwa ina ta duba fili ban ga ko raga ba. Ɗan ludo aƙalla yana girgiza hannu. Ɗan sinuka yana zagaya tebur. Waɗannan ko an ɗauke kujerar ba za su sani ba sai caji ya ƙare. Da la'asar aka ce wani mai suna Divine ya zama zakara, ya miƙe tsaye a karon farko tun hantsi, ƙafarsa ta yi sanyi har sai da aka riƙe shi.

Ni an ajiye ni a babban tebur da robar ruwa, an ce in zauna a matsayin uban taro. Sai Nazeer ya zo ya ce ogansu yana so a ɗan goge kofin a bayan mota kafin a miƙa. Na maimaita masa sharuɗɗana biyu. Ya ce, "No wahala, Kawu." Abin da ban sani ba shi ne, a cikin wasan nasu na waya, duk lokacin da aka ɗaga kofi sai tartsatsin wuta ya riƙa fita ta bayansa. Su a iya saninsu haka kofi yake, da wutarsa ake haihuwarsa. Da suka ga nawa ba ya tartsatsi sai suka ɗauka lalacewa ya yi, suka ce bari su gyara. Suka cusa masa irin sandunan tartsatsin da ake sokawa a kek ɗin bikin haihuwa, da suka ga ba za su isa ba suka ƙara da banga, irin wadda ake fasawa lokacin Kirsimeti. Suka kunna, suka mayar da murfi don abin ya zo wa jama'a ba zato.

Daga inda nake zaune na ji ya ce "ƙwas." Na ga an miƙa wa Divine shi a kan mota, na ga Divine ya kama shi ta kunnuwa biyu ya ɗaga sama, na ga hayaƙi yana fita ta gefen murfi. Na tashi da gudu, ni da na manta rabona da gudu, ina kiran sunan Nazeer. Marigayin ya ce "fsss," ya daɗe yana faɗa, sannan ya ce "fau!" Murfi da ɗan mutumin da ke kansa suka tashi sama suka sauka a kan kwanon wani shago. Dalma ta narke. Divine ya rage tsaye da kunnuwa biyu a hannu, yana murmushi wa mai ɗaukar hoto, bai ma san gangar jikin ta bar shi ba. Ita kuwa ta faɗo daga mota, ta gangara tana cewa "garan, garan, garan," ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane babu wanda ya sunkuya, kowa hannunsa na riƙe da waya. Ta tsaya a ƙarƙashin tankar ruwa da ke ja da baya. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwaras."

Ina durƙushe ina ɓamɓaro shi daga ƙasa, ya zama kamar faifai, sai ga Nazeer a kaina yana haki, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Kawu, kar ka damu, an ɗauka! Ya fito clear. Wallahi wannan sai ya yi trending."

Ban mare shi ba. Ina so a rubuta wannan cikin ayyukana na alheri.

Kashegari kamfanin ya aiko da ta'aziyya: wani kofin roba mai ruwan zinariya, da sunansu a jiki da manyan baƙaƙe, wanda iska ta kayar da shi tun kafin ɗan aiken ya gama sallama. Na ƙwanƙwasa shi da farce, bai ce komai ba. Na ce a mayar musu, in suna da jarirai su yi wasa da shi. Na kuma ji bidiyon ya zagaya gari, har an sa masa kiɗa, ana nuna wani tsoho yana gudu hularsa na faɗuwa. Masu dariya su ci gaba. Yawancinsu in ka shiga falonsu za ka ga hotonsu da marigayin a bango.

Marigayin ya rasu ya bar ni, mai shi, wanda bai taɓa ɗaga shi ba. Ya bar Hasana, wadda ta yi mini gaisuwa da baki, amma tun kafin a yi kwana uku na ga ta jera kwanukanta a saman kabad. Ya bar kunnuwa biyu, da na ƙwato daga hannun Divine da kyar, wai yana so ya ajiye na tarihi. Ya bar ɗan mutumin murfi, wanda aka sauko da shi daga kan kwano ba kai, amma ƙafarsa tana nan a ɗage. Ya bar likitansa Ɗanladi, wanda ya duba gawar ya ce in na yarda zai iya mayar da ita abin kwashe shara. Ya bar marayu masu yawa daga Lugbe har Nyanya, ƙungiyoyi da makarantu da majalisu, waɗanda yanzu dole su sa hannu a aljihu su sayi nasu. Su ne na fi tausaya wa, domin ba su saba ba. Uku daga cikinsu sun bugo waya, na ɗauka gaisuwa za su yi, ashe tambaya suke ko zan sayi wani kafin ƙarshen wata.

Ya kuma bar Enoch. Shi kaɗai ne ya tako har gida. Ya zo ranar Talata da sandarsa, yana laluben bakin ƙofa, ya zauna a tabarma ya ce in ba shi ya taɓa. Na kwance zanen na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana shafa ƙarfen da ya baje, yana neman inda cikin yake a da.

Ya ce, "Sannu, Malam. Wannan yara ba su da kai."

Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Sannan ya ce, "Maganan Asabar ɗin nan. A bar shi kawai. A gaya wa mutane kai ka ci. Ni na gaji, ido ba ta gani, kuma ga kofi ma babu. Ka sha wahala a kanta, ya kamata a ce sunanka ko sau ɗaya."

Wallahi abin da Nazeer ya yi mini bai ƙona mini rai kamar wannan magana ba. Nazeer wawa ne, da wautarsa aka san shi. Amma mutumin da ya fi kowa sanin abin da nake nema, shi ne zai zo har ɗakina ya ce a ce. Na ce, "Enoch, gaisuwa ka zo yi ko sadaka ka kawo mini? Shekara nawa kana cinye ni, na taɓa ce maka ka rage hannu?"

Ya ce, "To in ka ci, mene za ka ɗaga?"

Na ce, "Gawa."

Ya juyo da idon nan nasa mai sauran gani ya kalle ni, ya ga ba wasa nake ba. Sai ya yi dariya har da tari, ya ɗauki sandarsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "To zan zo. Amma ka sani, Yamusa, ko da rabin ido ne zan cinye ka. Ba zan ji tausayinka ba."

Duk cikin gaisuwar da aka yi mini, wannan ce kaɗai ta shiga zuciyata.

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Na tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa gwangwani salla, na aika wa faston su Enoch shi ma ya ce ba ya cikin littafinsu, don haka za mu yi abinmu da kanmu. Za a taru ranar Asabar bayan azahar a gindin mangwaron da muke buga diraf. Za a ajiye marigayin a kan benci cikin zanensa, da kunnuwansa da ɗan mutuminsa, a gefen allo. Babu jawabi, babu babban tebur, babu uban taro. Mai waya ya bar ta a aljihu. Nazeer da uwarsa an yafe musu zuwa. Wakilan kamfani in sun ga dama su kalla daga tsallaken titi, inda babu abin da za su kunna.

Za mu buga wasan ƙarshe ni da Enoch kamar yadda aka tsara. Ina roƙon jama'a abu ɗaya, kuma da gaske nake. Mutumin nan ba ya gani sosai. In ya tambaya ina ɗansa yake a kan allo, a gaya masa gaskiya. In ya kai hannu gidan da ba shi yake nufi ba, a bar shi ya gyara. Duk wanda ya yi mini tari ko ƙifta ido, ko ya matsar da ɗa don ya taimake ni, ni da shi har gaban Allah. Ban jira shekarun nan duka don in ci makaho da taimakon 'yan kallo ba.

Wanda ya ci shi zai ɗauki gawa. Zai ɗaga ta sama da hannu biyu, ya bi ta cikin kasuwa da ita har bakin titi wurin 'yan gwangwan, inda za a ɗora ta a sikeli a sallame ta. Wanda aka cinye zai bi a baya tare da sauran jama'a. Ba za a yi zaman uku ko na bakwai ba, domin ranar Lahadi da safe motar Sheda za ta zo ɗaukar Enoch.

In Allah Ya ba ni, kada wanda ya yi mini dariya don ya ga tsoho ɗauke da ɓallin ƙarfe a sama yana hawaye, ku ba ni hanya kawai in wuce. In kuma Enoch ya sake yin abin da ya saba, zan riƙe masa sanda in nuna masa hanya har sikeli, kuma zan yi masa tafi. Mai son yi mini gaisuwa a ranar ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya tsaya a nan. Kada wanda ya dafa kafaɗata ya ce mini sai baɗi. Babu kofi, babu Enoch, babu baɗi.

Mai sanarwa, a madadin iyalan marigayi,
Malam Yamusa, Lugbe.